Miskali 500 a Magami: Gudun Duniyar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo

Godiya ta tabbata ga Allah Mawadaci, wanda kowa ke buƙata gare Shi, Shi kuwa ba Ya buƙatar kowa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka bijiro masa da taskokin ƙasa ya zaɓi abin da ke wurin Ubangijinsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Sidi Abdulƙadir Jilani da sauran waliyyai.

Bayan haka, idan aka ambaci Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, abin da ke fara zuwa a zukatan mutane shi ne jihadi da tutoci da daular da ta miƙe daga Sakkwato har Adamawa. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi abin da mutumin da ya kafa wannan daula ya mallaka a ɗakinsa. Amsar kuwa gajeriya ce ƙwarai, kuma a cikinta sirrin lamarinsa yake. Shehu ya rage buƙatarsa ga duniya har ya zamo babu sarkin da ke da abin da zai saye shi da shi. Wannan 'yanci ne ya ba shi bakin faɗin gaskiya tun yana matashi, shi ne kuma ya tsare shi ranar da duniyar ta zo masa da kanta.

'Yan'uwa na Tawa da sauran ƙasar Adar sun fi kowa cancantar sanin wannan tarihi, domin a ƙasarsu aka binne cibiyar Shehu.

Daga Ƙonni zuwa Maratta

Kakannin Shehu Toronkawa ne, zuriyar Musa Jakollo, wanda ya taso daga Futa Toro ya sauka a ƙasar Ƙonni. Nan suka zauna tsawon zamunna suna karatu da karantarwa. An haifi Shehu a Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, a ƙarshen watan Safar na shekarar 1168 bayan hijira, daidai da 15 ga Disamba 1754. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, wato malami masanin fiƙihu a Fulatanci. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Yana ƙarami iyalin suka koma Degel, wadda ke cikin jihar Sakkwato ta yau, kuma a can ya tashi.

Gidan da ya tashi ciki ba gidan sarauta ba ne, ba kuma gidan fatauci ba. Dukiyar gidan ita ce allo da tawada da littattafan da aka kwafa da hannu. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa, sannan ya shiga hannun baffanninsa da kawunnansa. Wanda ya fi yi masa tasiri a farkon lamari shi ne Malam Usmanu Binduri. Shehu ya lizimce shi kusan shekara biyu, ya karanta Muhtasar na Halilu a wurinsa, ya kuma ɗauki ɗabi'unsa na tsoron Allah da tsantseni da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Ƙaninsa Malam Abdullahi ne ya ba da labarin wannan a littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da suka yi karatu a wurinsu.

Tafiyar Agadas da buri na farko da ya saki

Daga cikin manyan malamansa akwai Shehu Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya karantar a Agadas da ƙasar Adar, ya kuma rasu a yankin Madawa. Shehu Jibrilu ya yi hajji sau biyu, kuma a Alƙahira ya sadu da Sayyid Murtala Zabidi, mai sharhin Ihya'u Ulumiddini na Imamu Gazali, ya karɓi ijaza daga gare shi. Ta hannun Shehu Jibrilu ne silsiloli na ilimi da na ɗariƙa suka iso ga Shehu Usmanu da ƙaninsa.

Shehu ya bi wannan malami har Agadas, ya zauna tare da shi kamar shekara guda. Da malamin ya ɗaura niyyar hajji, zuciyar almajirin ta rataya da tafiyar. Babu abin da matashi mai son Manzon Allah (SAW) ke buri kamar ya ga Ka'aba ya tsaya a gaban Rauda. Amma mahaifinsa bai yi masa izini ba, saboda haka malamin ya umarce shi da ya koma gida. Ya juyo kudu, malaminsa ya nufi gabas. Har ya koma ga Allah bai samu zuwa Makka ba, sai begen Madina da ya cika waƙoƙinsa.

Malaman tasawwufi suna cewa sakin dukiya ya fi sauƙi a kan sakin abin da rai ya ƙulla, musamman idan abin alheri ne. A nan Shehu ya fara koyon cewa bawa ba ya zaɓa wa kansa hanyar da zai bauta wa Ubangijinsa. Biyayyar mahaifi ita ce ibadar da aka ɗora masa a wannan lokaci, kuma ita ya riƙe.

Mai wa'azin da ba ya zuwa fada

Wajen shekarar 1774, yana ɗan shekara ashirin, ya fara kira zuwa ga Allah a Degel. Daga nan ya fita zuwa Kabi, daga baya ya shafe kusan shekara biyar yana zagaya Zamfara. Yana wa'azi da Fulatanci da Hausa, yana tsara waƙoƙi domin makiyayi da manomi da matar da ke daka su riƙe. Malam Abdullahi ya bayyana a Tazyinul Waraƙati cewa a waɗannan shekaru ba al'adar Shehu ba ce zuwa wurin sarakuna, kuma ba shi da wata hulɗa da su.

Sai an san halin zamanin za a gane nauyin wannan. Malami a ƙasar Hausa ta wancan lokaci yana da hanya buɗaɗɗiya ta samun abin duniya. Ya je fada ya yi addu'a, ya yi rubutun sha, ya duba wa sarki ranar fita yaƙi, sai a sallame shi da riga da doki da bayi da wuri. Abin da ake buƙata daga gare shi a madadin haka ɗaya ne, ya kau da kai. Hausawa sun ce idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Shehu ya hana bakinsa ci domin kada idonsa ya ji kunyar kowa.

Abin da almajiransa da zuriyarsa suka ruwaito game da zamansa ya yi daidai da wannan. An ruwaito cewa riga ɗaya gare shi, wando ɗaya, rawani ɗaya. An ruwaito cewa yana tufka igiya da hannunsa a sayar, ya ci daga abin da aka samu. Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisinsa a Infaƙul Maisuri: fuska a sake, haƙuri da mai tambaya ko da ya katse shi, da rashin tsoron zargin mai zargi. Ya kuma faɗi cewa kafin mahaifinsa ya fito ga jama'a yakan ɗan dakata shi kaɗai ya sabunta niyya, ya yi wa Allah alkawarin ikhlasi. Wanda ke binciken zuciyarsa haka kafin kowane karatu ya san cewa yabon mutane ma wata dukiya ce da ke iya kama bawa kamar yadda zinariya ke kama shi.

Ranar Magami

Da jama'ar Shehu ta yi yawa, labarinsa ya cika Gobir, sai hulɗa da fada ta zama dole. Sarkin Gobir na lokacin shi ne Bawa Jan Gwarzo, sarki mai ƙarfi da kwarjini wanda maƙwabta ke shakka. Wajen shekarar 1788, a Babbar Salla, Bawa ya tara malaman ƙasarsa a wani wuri da ake kira Magami. Bayan an sauko daga idi ya fito da dukiya mai yawa ya raba musu a matsayin sadaka. An ruwaito cewa rabon da aka ware wa Shehu miskali 500 ne na zinariya. Miskali ɗaya ya ɗan haura giram huɗu, ke nan zinariyar ta haura kilo biyu. Ko a yau wannan dukiya ce da za ta sauya rayuwar gida har jikoki, balle a zamanin da ake cinikin yau da kullum da wuri.

Shehu ya miƙe a gaban taron ya sanar da sarki cewa shi da jama'arsa ba su da buƙatar dukiyarsa. A maimakonta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana duk wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a danne talakawa da haraji. Bawa ya amince da dukkansu.

Duk wanda ya duba waɗannan buƙatu zai ga babu ko ɗaya da ta shiga aljihun Shehu. Uku na addini ne, biyu na bayin Allah raunana waɗanda ba su da mai shigar musu fada. Da ya karɓi zinariyar, da ya koma Degel da jaka mai nauyi, fursunoni kuwa su kwana cikin mari, mai karɓar haraji ya ci gaba da zagaya ƙauyuka. Hannu ɗaya ba ya karɓar kyautar sarki ya kuma nuna wa sarki kuskurensa. Shehu ya san darajar zinariya sarai, shi ya sa ya sayi abin da ya fi ta da ita. Wannan ne ma'anar zuhudu a wurin mutanen Allah: mutum ya bar ƙarami domin ya ga babba.

Bawa bai daɗe ba bayan wannan ya rasu. Zinariyar da aka raba a Magami babu wanda ya san inda ta shiga. Buƙatun nan biyar kuwa har yau ana karanta su a makarantu.

Barin Degel

Shekarun da suka biyo baya shekarun bunƙasa ne. A 1793 ya kammala Ihya'us Sunna. A 1794, yana da shekara arba'in da 'yan watanni, aka yi masa buɗin da ya ba da labarinsa da kansa, inda ya ga Manzon Allah (SAW) da Sidi Abdulƙadir Jilani, aka tufatar da shi, aka naɗa masa rawani, aka rataya masa takobin gaskiya. Degel ta zama garin ɗalibai, maza da mata, ana zuwa daga nesa.

Sarakunan da suka gaji Bawa ba su ga lamarin da idon da ya gan shi ba. Nafata ya yi shela cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, kuma a daina naɗa rawani da yin lulluɓi. Da Yunfa ya hau, abin ya ƙara tsanani, har aka kai wa jama'ar Malam Abdussalami hari a Gimbana aka kama mutane. Daga nan Yunfa ya aiko wa Shehu cewa ya fita daga Degel shi da iyalinsa, ya bar sauran mutane.

A nan aka ga abin da Shehu ke iya saki da abin da ba ya iya saki. Gida da gari da wurin da ya shafe kusan dukkan rayuwarsa, da kabarin mahaifinsa, duk ya yarda ya bari. Jama'ar da ta taru a kansa domin Allah kuwa ya ƙi rabuwa da ita. A watan Zulƙida na 1218, wato Fabrairun 1804, suka fita zuwa Gudu, a can bakin iyakar Gobir ta yamma. Cikin waɗanda suka taimaka wajen wannan ƙaura akwai Agali, malami Buzu, kuma an ruwaito cewa a kan raƙuma aka ɗora littattafan Shehu. Mutumin da ya ƙi kilo biyu na zinariya bai yarda a bar takarda ɗaya a baya ba. Wanda ke son ya san abin da ke zuciyar mutum, sai ya dubi abin da ya ɗauka ranar da aka ce ya tashi da gaggawa.

A Gudu jama'a ta yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina.

Jarrabawar ganima

An ci nasarar farko a Tafkin Kwatto a watan Yunin 1804. Bayanta wuya ta biyo. A ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane kusan 2,000, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani kusan 200. Yunwa da cuta suka bi jama'a daga sansani zuwa sansani, har suka sauka Gwandu a 1805.

Amma abin da ya fi damun Shehu da manyan almajiransa ba yunwa ba ne. Waɗanda suka yi karatu a Degel suna ta ƙarewa a fagen fama, waɗanda ke cike gurbinsu kuwa da yawa ba su sha tarbiyyar ba. Kafin yaƙin Alwasa a ƙarshen 1805, rundunar jama'a ta faɗa wa garin Kwalde da wawaso alhali akwai aminci tsakani. Shugabanni suka hana, ba a saurare su ba. Aka je Alwasa aka sha kashi mai tsanani. Malam Abdullahi bai ɓoye alaƙar da ya gani tsakanin abubuwan biyu ba.

Abin ya ci gaba da cin ransa har a 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda ganin yadda son mulki da dawaki da tufafi da tara ƙwaraƙwarai ya shiga zukatan mutane. Jama'ar Kano ce ta tsayar da shi, ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Wannan ya nuna cewa almajiran Shehu na haƙiƙa sun fi tsoron wadata a kan tsoron maƙiyi, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya fi jiye wa al'ummarsa tsoron buɗin duniya a kan talauci.

Ranar da duniya ta zo da kanta

A watan Oktoban 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. A wannan lokaci Kano da Katsina da Daura suna hannun masu tutar Shehu, Zazzau ma ta biyo baya ba da jimawa ba. Ɗan malamin nan na Maratta ya zama shugaban ƙasar da babu wani sarkin Hausa da ya taɓa riƙe irinta.

Bai shiga fadar Alƙalawa ya zauna ba, bai kuma gina wata irinta ba. Daga Gwandu ya koma Sifawa, ƙaramin wuri, ya shimfiɗa buzunsa ya ci gaba da abin da yake yi a Degel: karantarwa, rubutu, wa'azi, wuridi. A 1812 ya raba gudanar da ƙasa biyu, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi. Mutane na kashe 'yan'uwansu domin su riƙe abin da bai kai rabin wannan ba. Shi kuwa ya miƙa shi yana da rai da hankalinsa, ya riƙe wa kansa aikin nasiha.

Nasihar kuma ba ta tsallake nasa ba. A Kitabul Farƙi ya lissafa ɗabi'un mulkin zalunci: jangali da sauran harajin da shari'a ba ta sa ba, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a ga fuskarsa, ƙwace kayan 'yan kasuwa, cinye dukiyar baƙon da ya mutu a gari, da ƙawata fada alhali talaka na cikin ƙunci. Ya rubuta su ne domin sababbin masu mulki su guje su. Waƙarsa Tabbat Haƙiƙa, wadda 'yarsa Nana Asma'u ta mayar Hausa daga Fulatanci, gargaɗi ce mai zafi ga duk wanda aka ba amanar jama'a ya mayar da ita hanyar ci. Mutumin da ya ƙi kyautar Bawa ne kaɗai ke da bakin da zai faɗa wa hakiman da shi ya naɗa irin wannan magana.

Tsanani ga kai, sauƙi ga jama'a

Akwai abin da ya kamata muridi ya lura da shi a nan domin kada ya fahimci zuhudu a karkace. Shehu bai mayar da rigarsa ɗaya doka a kan kowa ba. A rubuce-rubucensa na bayan nasara, irin su Najmul Ikhwani, ya sassauta wa jama'a a mas'alolin da malamai suka yi saɓani a kansu, kamar wasu tufafi da kiɗan tambura da sunayen sarauta, ya hana a riƙa tsananta wa mutane a abin da ba a haɗu a kan haramcinsa ba. Malam Abdullahi ya fi shi tsanani a wasu daga cikin waɗannan, kuma kowannensu ya rubuta hujjarsa cikin ladabi.

Haka nan bai guji iyali ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya karantar da su maza da mata. A Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna mu'amala da su kamar kayan aikin gida da ake amfani da su har su lalace a yar. A wurinsa kaya kaya ne, mutum kuwa amana ne. Abin da ya rage daga tufafi da abinci ya mayar da shi ga lokaci da kulawa, kuma amfanin ya bayyana: Bello, wanda aka ruwaito cewa ko da ya zama Sarkin Musulmi daga abin da hannunsa ya samo yake ci, Muhammadu Sambo, wanda ya shahara da tasawwufi da kaɗaita ga Allah, da Nana Asma'u, wadda ta kafa tsarin 'yan taru domin karantar da matan ƙauye.

Wafatinsa

A 1815 ya koma Sakkwato, garin da Bello ya gina, ya sauka a sabuwar unguwa ta yammacin garin. Rashin lafiya ta lizimce shi a shekarunsa na ƙarshe. Ya koma ga Ubangijinsa ranar 3 ga Jimada Sani 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817. An binne shi a gidansa, wurin da ake kira Hubbare, inda masu ziyara daga Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe ke zuwa har yau. Abin da ya bari littattafai ne na Larabci sama da 100, da waƙoƙi masu yawa na Fulatanci da Hausa, da mutanen da ya tarbiyyantar.

Rabon muridin Adar a cikin wannan tarihi

Ƙasar Adar ƙasa ce ta dutse da ƙarancin ruwa. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, matasa ma sun ga ƙuncin abinci na 2005. Shi ya sa da an gama girbi samarin Tawa da Kalfu da Barmu da Afala da Takanamat ke ɗaukar jaka su tafi bida, wasu Abijan, wasu Legas ko Kwatano, wasu Libiya. Babu mai hankalin da zai ce wa irin waɗannan mutane su so talauci, kuma Shehu bai faɗi haka ba. Shi da kansa ya yi sana'a da hannunsa, kuma cikin abubuwa biyar da ya nema a Magami akwai sauke nauyi daga wuyan talaka. Fita neman halal domin ciyar da iyaye da iyali ibada ce. Yunwa ba zuhudu ba ce, domin akwai matalaucin da duniya ta cika zuciyarsa, akwai kuma mawadacin da take hannunsa kawai.

Tambayar da tarihin Shehu ke yi wa kowa ita ce: me ya isa? Wanda bai yanke wa kansa wannan iyaka ba, ko nawa ya samo ba zai ji ya samu ba. Ɗan bida ya yi wata takwas yana ɗaukar kaya a tashar wata ƙasa, ya komo gida, gumin nan duka ya ƙare a mako biyu wajen shadda da sabuwar waya da bikin da aka yi domin kada a ce wane ya fi shi, rumbu kuwa babu hatsin da zai kai damina. Uba ya ci bashi domin kayan ɗakin 'yarsa su kai na 'yar maƙwabci, ya shekara biyu yana sauya hanya saboda mai bin sa. Babu ɗayansu da ya sayi abin da yake buƙata. Idon mutane suka saya, shi kuwa ba ya ƙoshi. Magabata sun riga sun faɗa, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Nauyin ya fi yawa a kan malamai da muƙaddamai da masu jan zikiri. Hadiyyar da almajiri ya kawo domin Allah halal ce, kuma sunna ce a karɓi kyauta. Amma akwai kyautar da ke zuwa da igiya a wuyanta, musamman idan zaɓe ya gabato, ko mai kuɗin da ake magana a kan hanyar samunsa yana neman a gan shi a sahun gaba. Ma'aunin Magami yana nan: bayan an karɓa, harshe zai iya faɗin abin da yake faɗi jiya? Kuma wanda Allah Ya ba shi shiga wurin masu iko, me ya roƙa da ya shiga, mota domin kansa ko rijiya da magani da adalci domin mutanen garinsu?

Hanyar farawa ba ta da nisa. Muridi ya buɗe akwatinsa ya fitar da tufafin da shekara ta zagayo bai sa ba, ya ba wanda sanyin hunturu ke duka. Ya biya bashin da ke kansa kafin ya sayi abin ado. Ya ware hatsin shekara da haƙƙin zakka kafin kuɗin biki. Ya riƙe sana'a komai ƙanƙantarta domin kada wuridinsa ya zama abin neman abinci. Kafin ya fita gaban mutane kuma ya ɗan dakata, kamar yadda Shehu ke yi, ya tambayi zuciyarsa domin wa za ta fita.

Allah Ya ƙara wa Mujaddadi Shehu Usmanu yarda, Ya saka wa Shehu Jibrilu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u da alheri. Allah Ya sanya duniya a hannun 'yan'uwa, kada Ya sanya ta a zukatansu. Ya azurta su da ƙana'a da halal mai albarka, Ya mayar da matafiyan Adar gidajensu lafiya, Ya ba ƙasar damina mai amfani, albarkar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa. Amin.